Kasafin zagaya duniya da koren fasfo

Duk lissafin da na karanta kafin in fita iri ɗaya ne: ka ƙiyasta abin da za ka ci da inda za ka kwana a rana, ka ninka da yawan kwanakin tafiya, ka ɗora kuɗin jirgi a kai, shi ke nan. Wannan lissafin na Bajamushe ne ko ɗan Kanada, wanda zai sauka a filin jirgi a buga masa hatimi ya wuce abinsa. Mai fasfon Najeriya kuwa, kuɗinsa kan fara zuba tun yana Kano bai ɗaga jaka ba, kuma ranar da aka manna masa biza ita ke yanke masa inda zai fara da irin saurin da zai yi. Na fita a farkon 2024 da jakar goyo guda, na yi gabas ta Indiya da Malesiya da Japan, na tsallaka Amurka da Meziko, na biyo ta Ruwanda da Kenya na dawo gida kafin shekarar ta ƙare.

Tarin kuɗin na fara shi tun 2022, kuma tun ranar farko ban bar shi a naira ba. Albashi na shiga, sai in ware abin da zan ware, in je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, in sayi dala, ko da ɗari ɗaya ce, in zuba a asusun dala. A lokacin wasu na ganin wahalar da kai ce. Sai ga shi a watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemo farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke cewa naira 460 da 'yan kai, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara miliyoyinsa a naira da niyyar ya canza ana gobe tafiya, ya tarar kuɗin sun koma rabi ko ƙasa da haka, alhali bai taɓa ko kwabo ba. Ga kuma matsalar kati: tun a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Don haka na nemi katin dala biyu daga bankuna biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, na kuma riƙe tsaba. Tsabar ma sai an zaɓe ta. Sabbin takardun dala ɗari marasa yagewa da rubutun biro su ake so, domin 'yan canji a Asiya da Gabashin Afirka ko dai su ƙi tsohuwar takarda, ko su karya mata farashi a gaban idonka.

Akwai abubuwa biyu da babu su a lissafin Turawa, amma a nawa su ne a sama. Na farko zakka. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a hannunka, sunansa guzuri bai hana a fitar masa da kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, kuma mai tari na shekara biyu sau biyu zai fitar. Na biyu gida. Tafiyata ba ta dakatar da cefanen Hajiya ba, ba ta kuma dakatar da kuɗin makarantar ƙannena ba, balle gudummawar biki da suna da ba sa sallama. Na ware na shekara guda na damƙa wa yayata, muka yi magana cewa wannan ba kuɗin tafiya ba ne, ko na kira daga bangon duniya ina kuka kada ta turo min.

Sai biza, wadda ita ce ainihin labarin. Ta Amurka na fara nema, duk da cewa Amurka ce ƙasar da na fi ƙarancin sha'awar gani. Kuɗinta dala 185, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Dalilina shi ne ƙofofin da take buɗewa: mai bizar Amurka mai aiki yana shiga Meziko ba tare da neman wata bizar ba, kuma tana ɗauke masa bizar yada zango da ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ke nema daga 'yan Najeriya ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. A lokacin shekara biyar ake bayarwa. Daga Yulin 2025 an mayar da ita ta wata uku, shiga ɗaya, kuma dokokin sun ci gaba da tsananta, saboda haka wannan dabarar ba za ta yi wa na baya aikin da ta yi min ba.

Abin da ke rubuce a shafin ofishin jakadanci shi ne mafi ƙanƙantar abin da biza ke ci. A kansa akwai kuɗin mota ko jirgi zuwa Abuja, wani lokacin Legas, da kwanan otal, da komawa karɓar fasfo, da hoto, da inshorar lafiya, da katin rigakafin shawara, da takardar wankewa ta NDLEA da wasu ƙasashen Asiya ke nema. Fasfon ma sai da na sabunta zuwa mai shafi 64, don kowace biza shafi guda take cinyewa. Sannan kowane ofishi na son ganin takardar asusunka ta watannin baya, kuma ba sa son kuɗin da ya faɗo rana ɗaya daga sama. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda zai yi tafiyar talaka, mai kwana a gado mai hawa biyu, dole ya fara nuna cewa shi ba talaka ba ne.

Babban tarkon shi ne wa'adi. Yawancin ƙasashe ba sa ba ka biza sai a ƙasar da kake zaune, ba za ka tsaya a Delhi ka ce a ba ka ta Japan ba. Bizar Japan ta shiga ɗaya kuwa, dole ka shiga cikin wata uku daga ranar da aka buga ta. Haka na jera Indiya da Malesiya da Japan a gaba, ina gudu da agogo. Turai na cire ta gaba ɗaya: ba a karɓar takardun Schengen fiye da wata shida kafin ranar shiga, ni kuma sai bayan haka zan iso. Na huta da Yuro 80 na wancan lokacin, wanda ya koma 90 a Yunin 2024, da inshorar Yuro 30,000 da suke sharɗantawa. Nepal ma na so in leƙa tunda tana maƙwabtaka da Indiya, amma Najeriya na cikin 'yan ƙasashen da ba a ba su biza a bakin iyaka.

Kan tikiti na daɗe ina juyawa. Akwai tikiti guda na zagaya duniya da ƙawancen kamfanonin jirage ke sayarwa. Na Star Alliance, inda Ethiopian da Turkish da EgyptAir suke, ana lissafa shi da nisa, har zuwa mil 39,000, ba ya wuce hawa 16, sai ka bi ɓangare ɗaya, gabas ko yamma, ka kuma gama cikin shekara. Yana da daɗin sha'ani, amma da na haɗa farashin tikiti ɗaiɗai, da ƙananan jirage masu arha irin AirAsia a tsakani, sai na ga sun fi min sauƙi. Sai dai arhar tana da sharaɗi. Kilo bakwai ne kyauta, abin da ya ɗaru a kai kuɗi ne, shi ya sa jakata ba ta taɓa wuce haka ba. Sannan mu ba mu da gatan sayen tikiti sai ranar da muka ga dama. Tun a teburin awon kaya ma'aikaciya za ta juya koren fasfo ta ce ina tikitin fita daga ƙasar da za ka, don haka kullum ina riƙe da na hawa biyu a gaba.

A hanya ne na gane cewa motsi ke cin kuɗi, zama ba ya ci. Watanni ukun farko, da nake tsere da wa'adin biza, sun lashe kusan rabin abin da na kashe a tafiyar duka. Duk ranar da ka tashi daga gari akwai kuɗin mota, da tasi daga tasha da dare saboda ba ka san hanya ba, da abincin farko da za ka saya da tsada kafin ka gano inda 'yan gari ke ci, da sabon layin waya in ƙasa ka sauya.

Indiya ta fi ko'ina rangwame. Na sa wa kaina iyakar dala talatin a rana, sau da yawa ban kai ba. Jirgin ƙasa na dare a taragon masu kwanciya yana haɗa maka sufuri da masauki a kuɗi ɗaya, kuma a unguwannin Musulmi, kamar kewayen Jama Masjid a tsohuwar Delhi, za ka ci biryani da nama hankali kwance. Wuraren tarihi ne ke da farashi biyu. A Taj Mahal ɗan ƙasa na biyan rufi 50, baƙo 1,100, da ƙarin 200 in zai shiga inda kabarin yake. Ban ji haushi ba, nasu ne, amma wanda bai sa wannan a lissafi ba zai ga kuɗin mako ya zurare a kwana biyu.

Azumi ya same ni a Kuala Lumpur, kuma wata ne da kasafi ke numfasawa. Babu abincin rana, da la'asar kasuwannin azumi na cika da abinci mai araha, a masallacin Kampung Baru kuma ana raba wani faten shinkafa mai kayan ƙamshi, bubur lambuk, kyauta ga duk wanda ya bi layi. Na bi layin ba sau ɗaya ba, ba kuma don rashi kaɗai ba.

Japan na shiga ana dab da Sallah, lokacin furen bishiyar sakura da ake tururuwar kallo, wato lokacin da gado ya fi tsada. Abin da ya cece ni faɗuwar yen, wadda ta haura 150 a kan dala. Katin jirgin ƙasa na baƙi da kowa ke yabo ban saya ba, domin a Oktoban 2023 an ɗaga na kwana bakwai daga yen 29,650 zuwa 50,000. Motar dare daga Tokyo zuwa Osaka ta yi min aikin, ta kuma cire min kuɗin kwana. Abinci kuwa, sai bayan isha'i nake shiga babban kanti, lokacin da ma'aikaci ke zagayawa da na'urarsa yana manna takardar ragi a kan kifi da shinkafar da ba a sayar ba. Za ka ga tsofaffi da ɗalibai suna bin bayansa a hankali, kowa na nuna kamar wani abu daban yake dubawa, yana mannawa hannaye na miƙewa. Ni ma na koyi tafiyar. Sallar idi na yi ta a Tokyo Camii, masallacin Turkawa.

Amurka ban daɗe ba. Farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji, a gidan abinci kuma a jira ka ƙara kashi 15 zuwa 20 na ladan mai kawowa. Rana ɗaya a Los Angeles ta ci na kwana huɗu a Indiya.

A Meziko na sauke jaka da gaske. Jirgin ƙarƙashin ƙasa a babban birnin peso 5 ne duk nisan da za ka je. A Oaxaca na kama ɗaki na wata maimakon na kwana, farashin ya faɗo ƙasa warwas, na sami kicin, na san mai tumatir da mai ƙwai a kasuwa. Girkin ma dole ne, domin da man alade ake soya wake da abubuwa da yawa a can, ko abincin da ba ka ga nama a cikinsa ba sai ka tambaya. Peso na da ƙarfi da na iso, wajen 17 a dala, bayan zaɓen watan Yuni ya sassauta, kuɗina suka ƙara auki ba tare da na yi komai ba.

Kowane dare ina rubuta abin da na kashe a ƙaramin littafi, a dala, amma da mako nake auna kaina, don ranar tafiya ba a haɗa ta da ranar zama. Wajen cirar kuɗi, na'ura kan tambaya ko ta canza maka da farashinta. Ka ce a'a, ka zaɓi kuɗin ƙasar, bankinka ya yi canjin. Kuma tunda kowace cira da cajinta, gara ka ciri mai kauri sau ɗaya ka raba shi gida biyu, aljihu da ƙasan jaka.

Daga Meziko na biyo ta Istanbul zuwa Kigali, inda aka buga min kwana talatin kyauta don ni ɗan Afirka ne. Bayan watanni ana juya fasfona ana kiran oga, wannan hatimin ya yi min daɗi fiye da kima. Kenya a lokacin sai ka cike izinin shiga ta intanet da wajen dala talatin, jirgin ƙasa daga Nairobi zuwa Mombasa kuma shilin 1,500 a kujerar talakawa.

Bayan na tafiya da na gida, akwai asusu na uku da ban taɓa ba har na dawo. A cikinsa na ajiye kuɗin tikitin gaggawa daga wuri mafi nisa zuwa Kano, ko da rasuwa ko rashin lafiya, da kuma abin da zan rayu da shi na wata huɗu bayan dawowa. Aikin da na bari bai jira ni ba, mai gida kuma kuɗin hayar shekara yake so a dunƙule. Na koma Wapa da ragowar dalolin na canza a sama da naira 1,600, na biya haya, na sayi buhun shinkafa wanda farashinsa ya sa na sake tambayar mai shagon ko biyu yake nufi.