Abin da daidaita ƙarar jita ya koya mini, kafin in miƙa makulli

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin kayan sauti in kama gabana. Waɗanda muka sha haɗuwa a dinar biki daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa sun san ƙungiyar da nake nufi, sun kuma san Oga, don haka ba sai na kama suna ba. Saboda yara masu tasowa nake wannan rubutu, waɗanda za a damƙa wa na'urar kwaikwayon amfilifaya a ce su daidaita mata ƙara, ba tare da an nuna musu inda gizo ke saƙa ba.

Ranar da Oga ya sayo irin wannan na'ura mai suna Line 6 Helix kowa ya yi murna, domin mun huta da ɗaukar ƙaton amfilifaya a bayan bas. Na'urar ta fito a 2015, kuma daga zuriyar wani jan akwatin kwaikwayon amfilifaya mai suna POD take, wanda kamfanin ya fitar a 1998. A cikinta akwai kwaikwayon amfilifayoyi irin su Fender Twin Reverb da Vox AC30 da Roland JC-120 da manyan Marshall. Makaɗi ya taka maɓalli ɗaya, sauti ya sauya. Sai dai kowane saiti, wato sautin da aka shirya aka adana a na'urar, da tasa ƙarar yake zuwa, kuma daidaita su aikina ne.

Oga ya kafa doka cewa kowane saiti ya taɓa layi ɗaya a mitar mikisa. Na ce masa, Oga, wannan mitar ƙololuwa take aunawa, wato daidai lokacin da aka tsinki tsirkiya. Sauti mai tsabta yakan yi tsalle sama a bugun farko sannan ya sauka da sauri. Shi kuwa mai gurnani an riga an datse masa kai, a cike yake tun daga farko har ƙarshe. Idan ƙololuwarsu ta zo daidai, mai gurnanin zai danne mai tsabtan nesa ba kusa ba. Ya dube ni ya ce, "Kai, mita ba ta ƙarya. Kunnenka ne zai fi na'urar Bature?" A gaban makaɗin jita da mai kibod ya faɗi haka. Na yi yadda ya ce.

A wata dina a Malali abin ya fashe. Waƙar shigowar amarya da ango da jita mai tsabta take buɗewa. Da aka fara, jitar ta nutse ƙarƙashin kibod da ganga da surutun jama'a. Oga ya yi ta ɗaga mini hannu daga dandamali in ƙara, na ƙara. Ana tsakiyar waƙa makaɗi ya taka saitin solo, sai sauti ya tashi lokaci guda, lasifika ta yi ƙara, iyaye mata a teburin gaba suka toshe kunnuwa. Kawun ango ya taso ransa a ɓace. Oga bai yi wata-wata ba ya nuna ni ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan ne bai san aikinsa ba." A daren aka yanke mini rabin kuɗina. Kuɗin sun yi mini ciwo, amma shirun mutum biyun da suka ji gardamarmu da kunnensu ya fi ci mini rai. Har yau babu wanda ya ce mini ko sannu a kan maganar.

Bayan nan ban sake neman izini ba. Na riƙa zuwa ɗakin gwaji da rana lokacin da babu kowa. Na sa makaɗin ya kaɗa mini irin kiɗansa na kullum, da jitarsa, na naɗe a lufa, wato abin da ke naɗar kiɗa ya yi ta maimaita shi, a farkon jerin da sauti ke bi cikin na'urar, domin hannun mutum ba ya buga abu iri ɗaya sau biyu, lufa kuwa tana maimaitawa ba ragi ba ƙari. Sannan na fitar da sautin ta lasifikar da muke zuwa biki da ita, a ƙarar da muke aiki da ita. Wannan ba son wahala ba ne. Tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa kunne ba ya jin kauri da siririn sauti sosai, kuma ya fi saurin jin abin da ke tsakanin hez 2,000 zuwa 5,000 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). Shi ya sa saitin da ka gyara da dare a hedifon yakan yi daɗi, amma a zaure sai ka ji ƙasansa ya kumbura samansa yana yankan kunne.

Babban abin da na gano shi ne daga ina ake farawa. Yawancin mutane suna fara gyara mai gurnani don shi ke burge su, sannan su ja mai tsabta sama ya kamo shi. Ba zai kamo ba. Kafin ya kai, ƙololuwarsa ta bugi rufin sifili, wato iyakar ƙarar da na'urar ke iya ɗauka, kuma fashewar dijital ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Mai tsabta shi ne ma'auni. Ka ba shi wuri, ka bar masa sarari sama ko da makaɗi zai buga da ƙarfi, sannan ka sauko da sauran duka zuwa gare shi. A Helix kada ka yi wannan da maɓallin Master, domin shi yana sauya launin sautin kansa. Maɓallin Ch Vol ko matakin fita na ƙarshe su ne ke ƙara ko rage ƙara kawai.

Mita tana da amfani idan ka ɗauki wadda ta dace. Ta LUFS, wadda aka gina a kan ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya (ITU) mai lamba BS.1770 ta 2006, ƙarar da kunne ke ji take ƙoƙarin aunawa, kuma akwai ta kyauta a kwamfuta. Takan kai ka kusa. Sauran aikin sai an kira ƙungiya duka. Twin Reverb tsakiyarsa, wato sautin da ke tsakanin mai kauri da siriri, a rame take, don haka ko lamba ta zo daidai zai ɓace da zarar kalangu da kibod sun shigo, alhali AC30 yana ratsawa. Maganin a nan shi ne a ɗan ɗaga wa Twin Reverb tsakiya, a sa masa kwamfiresa kaɗan ta rage tsallen bugun farko, maimakon a yi ta ƙara masa ƙara. Solo kuwa desibel (ma'aunin ƙara) biyu zuwa uku sama da sauran sun isa. Ka tuna desibel goma ne kunne ke ji kamar an ninka, to ka ga ratar da dokar Oga ta bari ba ƙarama ba ce.

Da sauti ya gyaru, na ji da kunnena Oga yana gaya wa wani shugaban ƙungiya daga Sabon Tasha cewa shi ya zauna ya shirya komai. Ban tanka ba. Kuɗin da aka yanke ma ba a mayar ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Idan makaɗi ya sauya jita daga mai siraran fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) zuwa mai fikof masu faɗi da ake kira hambaka, lissafi ya sauya. Ka cire ikon babban maɓallin ƙara daga kan wayar XLR da ke kai sauti mikisa, don kada ƙafa ta taɓa shi. Ka duba ko fitar tana matakin layi ko na makirfo kafin ka zargi saiti. Ka adana bayan kowane gyara.

Yaron da zai gaje ni ya zo jiya, na zaunar da shi na nuna masa duk wannan. Na ce masa, ƙanena, duk umurnin da ka san zai ɓata sauti, ka roƙi Oga ya turo maka shi a rubuce ta WhatsApp. Wasu sun ba ni shawara in goge saitocin kafin in tafi. Ban goge ba, suna nan cikin na'urar yadda na bar su. Kwafinsu dai yana cikin filashina, da shi zan fara aiki a sabon wurin a wata mai kamawa.