Abin da zafin rizisto ya koya mini

Aikin farko da na karɓa da kaina, bayan na bar hannun maigidana, shi ne haɗa fitilun sola a wata makarantar allo da ke wani ƙauye kusa da Gumel, inda almajirai suke karatun dare da hasken wutar kara. Na kawo batir mai bolt 12 da ƙwayayen LED masu wat ɗaya-ɗaya, na sa wa kowace ƙwaya rizisto don ya rage mata wuta. Bayan mako guda Malam ya aiko a kira ni, ya ce: "Ɗana, fitilarka tana da haske, amma ba ta kai mu ƙarshen karatu."

Da na buɗe akwatin na taɓa riziston, sai da na janye yatsa. Farar ƙwayar LED bolt 3 ko ɗan sama da haka take buƙata, saboda haka ragowar bolt 9 a jikin riziston suke ƙonewa. Wato kashi uku cikin huɗu na wutar da rana ta yini tana tarawa zafi yake zama, ba ya kaiwa ga allon kowa. Na jera ƙwayayen uku-uku a layi ɗaya, asarar ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai hasken yakan dusashe da zarar batir ya fara sauka.

Daga nan na koma ga sakit, wato haɗin ƙananan kayan lantarki, mai kunnawa da kashewa, wanda yake yanka wutar sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kwail ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, yana riƙe ta yana sakinta daidai da bukatar ƙwayar. Idan an haɗa shi da kyau, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar yana isa ga fitila. A nan ma na yi kuskure, domin na sa dayod (abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai) mai lamba 1N4007 da ke cike a aljihuna, alhali ba ya iya bin wannan sauri. Sai da na musanya shi da 1N5819, wanda yake saurin rufewa kuma bai cika cin wuta ba, sannan allon sakit ɗin ya huce.

Abin da ya fi daɗewa bai shige ni ba shi ne kafasito, wato ɗan abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci a cikin sakit. A watan Afrilu zafin Jigawa yana haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar kafasito mai ruwa da kusan rabi. Na sha cire wanda kansa ya kumbura kamar ƙosai. Yanzu idan na shiga Sabon Gari a Kano sayen kaya, kafasito mai lambar digiri 105, wato wanda aka yi don ya jure wannan zafi, kawai nake ɗauka ko da ya fi tsada, kuma nakan sauko da akwatin daga jikin kwano, in huda masa ƙofofin iska ta ƙasa don kada ƙurar hunturu ta cika shi.