Ɗan bora da kura

Wata uku ke nan ina fama da wani littafi da nake rubutawa a waya, kuma wallahi ya hana ni barci. Labarin wani yaro ne da aka saki uwarshi, aka bar shi hannun kishiyar uwa, tuwo sai ƙanzo, ƙarshe ya bi masu wasa da kura ya bar garin. Ƙawata da na tura ma babin farko cewa ta yi "ke kam na Turawa kika kwaso, irin masu tanti da zakunan nan." Na ce mata ina! Nasu daban, circus suke ce mashi, a Landan wani Bature Philip Astley ya fara shi a 1768 da wasan doki. Namu ba tanti ba tikiti, fili ne kawai da ganga.

A kasuwar Talata Mafara na gani da idona ina 'yar firamare, gardi da warki da akayau a ƙafa, layu har wuya, kura da takunkumi ana jan ta da sarƙa, gefe ga gwaggon biri an sa mai riga, wani kuma na tallar maganin tsari. Kowa kura yake kallo, ni ko yaron da ke zagayawa da ƙwarya yana karɓar kuɗi nake kallo, ƙafarshi duk faso. Da aka tashi sai ya je ya jingina da kurar yana cin ƙuli abinshi, kamar ɗa a jikin uwa.

Kakarmu in ta ce ga ta nan ga ta nanku mun san 'yar bora za ta sha wuya, amma za ta cuɗa ma tsohuwa baya a rafi ta auri ɗan sarki, ƙurunƙus. Kura kuwa sakarya ce, kullum Gizo na yi mata wayo. A nawa ba tsohuwa ba ɗan sarki, kurar ce kaɗai ba ta taɓa hantarar shi ba.

Yanzu a labarin na maƙale a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Uban yaron ya zo kallo, ya jefa naira ashirin a ƙwarya bai gane shi ba. Sau huɗu ina sa yaron ya ce "Baba" ina gogewa.