Dawakan katako na Hollycombe

Yau na kai yara Hollycombe da ke kusa da garin Liphook a kudancin Ingila, inda aka adana tsofaffin lilon da a da ake kwancewa a yi ta yawo da su gari-gari. Su suna kan dawakan katako suna ihu, ni kuwa idona na kan dattijon da ke kula da injin tururin da ke tsakiyar lilon. Ya zuba kwal shebur guda a wuta, ya leƙa ma'aunin tururi, ya goge tagullar injin da tsumma, hannunsa baƙi ƙirin. Ɗan sa-kai ne fa, ko sisi ba a biyansa. Lilon ya haura shekara 100, har yau tururi ke juya shi.

Wallahi ina fatan akwai matashin da yake koya wa aikin nan.