Yaƙin Burmi da Batun Madogara a Darasin Tarihi

Ɗaliban sakandare da dama a nan Gombe sun ɗauki darasin tarihi a matsayin haddar shekaru da sunayen sarakuna, har ka tarar yaro ya san cewa a 1996 aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, amma da zarar ka tambaye shi ta wace hanya aka san abin da ya auku shekara ɗari biyu da suka wuce, sai ya yi tsit. A ganina wannan tambaya ce ginshiƙin fannin, domin duk labarin da ba a san madogararsa ba, bai wuce jita-jita ba.

Littattafan makaranta sun kasa madogara gida biyu. Ta farko ita ce abin da ya fito daga zamanin da lamarin ya faru, kamar wasiƙar sarki, ko rahoton jami'i, ko shaidar ganau. Ta biyu kuwa ita ce abin da wani masani ya rubuta daga baya, bayan ya yi nazarin waɗancan. Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne zaton da suke yi cewa madogara ta farko ba ta ƙarya. An ce gani ya kori ji, amma ganau ma yana da ɓangaren da yake goyon baya.

Mu ɗauki yaƙin Burmi, tunda a ƙasarmu aka yi shi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufo gabas tare da ɗimbin jama'a, aka fatattaki sojojin Birtaniya a karon farko a watan Mayu, sannan suka sake shiri suka dawo a watan Yuli, inda aka kashe Attahiru, shi ma kwamandansu Manjo Marsh ya rasa ransa. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta madogara ce ta farko, kuma suna da amfani wajen sanin ranaku da hanyoyin da aka bi, sai dai an rubuta su ne domin a gamsar da manya a Landan cewa yaƙin ya zama dole. Su kuwa waɗanda suka bi Attahiru, hijira suka ɗauki tafiyar, kuma zuriyarsu da ta zauna a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan tana riƙe da nata labarin. Aikin ɗalibi shi ne ya jera su biyun, ya tambayi kowanne: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, wa yake so ya ji, kuma me zai samu idan an yarda da shi? Daga nan ne ake fahimtar dalili da sakamako, wato abin da ya jawo yaƙin da abin da ya biyo bayansa.

Tarihin baka, wanda wasu 'yan boko suke rainawa, yana da ƙarfi wajen adana jerin sarakuna da salsala da kirari, amma yana da rauni wajen shekaru, kuma ba a sa ran maroƙin fada ya ambaci aibin ubangidansa. Dattijo zai iya ba ka labarin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, da tsohuwar hedikwatarta Gombe Abba tiryan-tiryan, amma a takarda za ka tabbatar da cewa a 1913 aka mayar da hedikwatar masarautar zuwa Nafaɗa, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato garin Gombe na yanzu. Rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, suna cike wani gurbin, kodayake shi ma marubucin jagora ne a jihadin da yake ba da labarinsa.

Akwai kuma madogarar da ba ta magana: ragowar ganuwar Bauchi, da zanen duwatsu na Geji, da tsofaffin matoyan ƙarfe na dajin Yankari. Waɗannan suna nuna yadda mutane suka rayu da irin sana'arsu, amma ba za su faɗa maka sunan kowa ba, sai masana sun tona sun auna shekarunsu.

Ina ba 'yan'uwana malamai shawarar su riƙa tura ɗalibai wurin dattawan unguwa su ɗauko labarin kafuwarta, da sharaɗin kowa ya rubuta shekarun mai ba da labarin da kuma wurin wanda shi ma ya ji, sannan a kwatanta abin da aka samo a cikin aji.