Kufan gonakin Worth Matravers, sai a zuwa na biyu na gan su

Zuwana na farko Worth Matravers wallahi ban ga komai ba. Ɗan ƙaramin ƙauye ne a Dorset, kudancin Ingila, kusa da Swanage, gidajensu duk dutse ne har rufin. Wani abokin aikina ne ya ce tunda kullum ina maganar noma in je in ga gonakin mutanen da. Na isa da rana tsaka a watan Yuni, na bi ƴar hanyar da ta gangara bakin teku wajen da ake ce wa Winspit, tudu a dama tudu a hagu, ciyawa kore shar tumaki na ta kiwo, na hau tudun ina ta waige-waige ina neman iyakar gona ashe a kanta nake tsaye.

Sai a Nuwamba na koma, wannan karon da hantsi, kuma maimakon in hau tudun da nake son gani sai na tsaya a na ƙetare. Tuddan biyu sunansu East Man da West Man, ina gefen West Man ina kallon ɗan uwansa. Kai jama'a. Rana ba ta ɗago sosai ba, inuwa ta kwanta a gindin kowane layi, sai ga tudun gaba ɗaya ya fito hawa-hawa kamar matakalar bene, dogaye suna bin jikin gangaren har wajen teku. Na fi rabin awa a tsaye iska na dukan kunnena ban iya tafiya ba.

Da farko na ɗauka gina su aka yi da hannu irin na Sukur a Adamawa inda ake jera duwatsu a tare ƙasa, amma waɗannan yawanci garma ce ta yi su. Turawa na ce musu lynchets. Manomi na bin gangaren a kwance da garmar shanu, duk shekara ƙasar da ya juya tana ɗan zamewa ƙasa, ruwan sama na taya ta, sai ta je ta taru a iyakar gonarsa inda ba a nomawa, shi kuma maƙwabcinsa na ƙasa garmarsa na cin gindin wajen, to a haka shekara ɗari shekara ɗari biyu iyakar ta zama gini. Na sauka na je na tsaya a gindin ɗaya, ya fi tsayina, na dafa shi da hannu, ƙasa ce zalla da ciyawa da ramukan zomaye. Na auna faɗin filin samansa da ƙafa, taku goma sha biyu na samu, ɗan siriri amma tsawonsa sai ka gaji da tafiya. Tsarin nomansu kenan a lokacin, mutum ɗaya gonarsa ba a haɗe take ba, siriri nan siriri can a tsakanin na maƙwabta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne me zai kai mutum noma wannan gangaren, ga iskar teku mai gishiri ga dutse a ƙarƙashi. Yawa ne da yunwa. A ƙarni na 12 da na 13 jama'ar Ingila sun ƙaru sosai, ƙasa mai kyau ta ƙare, dole aka hau tuddai. Sai annoba ta shigo a 1348, kuma ta nan Dorset ɗin ta shigo, ta tashar jiragen ruwa ta Melcombe wadda yau take cikin Weymouth, ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Masu noma suka yi ƙaranci, irin waɗannan wurare masu wahala da yawa aka bar wa tumaki, kuma kiwon nan ne ya adana su don da tarakta ta bi ta kai da tuni ta shafe. Ina tsaye a wajen na ji tausayinsu ya kama ni sosai, mutanen da ko sunansu ba a riƙe ba amma ga iyakar gonarsu nan.

Duk mai niyyar zuwa dan Allah ya sa takalmi mai riƙo, lakar wajen santsi gare ta, ya rufe duk ƙofar shinge da ya buɗe saboda dabbobi, kuma a Winspit ɗin akwai tsohon wurin fasa dutse da aka bari wajajen 1940, kada a matsa bakin dutsen.

Da daddare na tura wa Baba bidiyon da na ɗauka ta WhatsApp, shi da ya yi shekaru yana riƙe garmar shanu. Bai tambaye ni teku ba bai tambaye ni sanyi ba, cewa ya yi "to a ina shanun ke juyawa in sun kai ƙarshen kunya?" Na ce Baba ban duba ba. Sati biyu bayan nan na sake hawa jirgin ƙasa zuwa Wareham na shiga bas, da na isa tudun na bi layin gona ɗaya har ƙarshensa, sai na ga tudun iyakar yana raguwa a hankali a hankali har ya narke cikin gangaren, na ɗauka masa hoton wajen daga gefe biyu na tura.