Aikin ƙarfe 2 na dare da yake mutuwa ba wanda ya sani

Sana'ata kenan, kula da sabar mutane, wato kwamfutocin da ke riƙe musu bayanai da ayyuka, ni da yarana biyu a ɗan shagonmu nan Kano. Kuma abin da ya fi kawo mana kwastoma shi ne aikin da aka saita wa cron, manhajar da ke kunna ayyuka da kanta in lokacinsu ya yi, ya riƙa yi da dare, sai a wayi gari bai yi ba kuma shiru kake ji.

Watan jiya wani Alhaji mai kantin magani ya kira ni, wai kwafin bayanan cinikinsu ya daina fitowa kusan sati uku, amma in an kunna da hannu da rana lafiya lau yake gamawa. Kafin ni ashe ya kira wani yaro mai araha, ya kashe sabar ya kunna ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Wallahi irin waɗannan su suke ɓata mana sana'a, ko log, inda sabar ke rubuta abin da ya faru, ba sa buɗewa.

Ina zama na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da Linux ya rubuta, ga shi nan ɓaro-ɓaro, Out of memory, Killed process. Wato RAM ya cika maƙil, sai Linux ya zaɓi wanda ya fi cin waje ya yanke shi, shi ya sa aikin ke fita da lamba 137, 128 a haɗa da 9 kenan, 9 ɗin kuwa lambar kisan da ba a ba shi damar ko ya yi kuka ce. Sabar 1GB ce, ba swap, wato wajen da ake ara a diski in RAM ya cika, kuma ayyuka uku duk an jibge su a ƙarfe 2 daidai. Na rarraba musu lokaci, na sa swap, na ɗaura flock, wani ɗan makulli, don kar na yau ya hau kan na jiya in bai gama ba, sannan na kwana ina kallo har ya wuce.

Wannan haƙurin wajen ogana na koya, Allah ya saka masa. Akwai ranar da Too many open files ya hana ni barci, na ɗaga ulimit, wato iyakar fayilolin da aiki zai iya buɗewa lokaci guda, daga 1024 a fayil ɗin .bashrc ina ta murna, da dare aikin ya sake faɗuwa. Oga ya ce Malam, cron ba ya karanta wannan fayil ɗin, je ka gwada a inda shi yake gudu. Har yau haka nake koya wa yarana.

Alhaji kuwa da na faɗi kuɗina cewa ya yi ai layi huɗu kawai ka rubuta, a rage mana. Na ce Alhaji wancan mai arahar fa, nawa ya rubuta?